Ina Leland Stanford ya samo kuɗin da ya gina jami'a?

Ummu_Haidar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne ke neman gurbin karatu a jami'ar Stanford ta Amurka, shi ne yake ce min wai mai kamfanin jirgin ƙasa ne ya gina ta. Dan Allah wanda ya san tarihin mutumin ya ɗan yi min bayani, ina ya samo irin wannan dukiya haka?

Malam_Bashir:
Wa alaikumus salam hajiya, ƙanin naki ya yi gaskiya. Lauya ne da farko, gobara ta cinye masa ofis a Wisconsin sai ya bi 'yan uwansa California a 1852 lokacin da ake rububin zinare, amma shi bai shiga rami ba, kanti ya kama yana sayar wa masu haƙa kaya. A 1861 suka haɗa kai da 'yan kasuwa uku, Huntington da Hopkins da Crocker, suka kafa kamfanin jirgin ƙasa na Central Pacific shi ne shugaba, 1862 kuma ya zama gwamnan California, kin ga ga mulki ga kamfani a hannu ɗaya. Gwamnatin tarayya ce ta ba su bashin dala 16,000 kowane mil na layin dogo a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 48,000 a cikin duwatsu, ga filaye kyauta gefen layin, su kuma suka riƙa ba kamfanin gini nasu na kansu kwangilar, toh ta nan kuɗin ya shigo. Ranar 10 ga Mayu 1869 aka haɗe layin gabas da na yamma a Promontory ta Utah, tafiyar da ake watanni ta koma kusan mako guda.

Ɗan_Zinder:
Malam ka bar abin da ya fi damuna wallahi. Su wa suka fasa duwatsun Sierra Nevada? 'Yan China ne, sama da dubu goma, su ne mafi yawan leburorin kamfanin, a cikin dusar ƙanƙara suke sara dutse da guduma da albarushi wani lokaci a wuni a kwana ba a ci gaba da ya wuce taku ɗaya ko biyu ba, kuma albashinsu bai kai na turawa ba, abinci ma su ke ciyar da kansu alhali turawan kamfani ke ba su. Da suka yi yajin aiki a 1867 Crocker ya datse musu hanyar abinci har yunwa ta sa suka koma. Shi kuwa Stanford a jawabinsa na kama mulki a 1862 cewa ya yi a hana 'yan China shigowa jihar, bayan 'yan shekaru guminsu ne ya azurta shi. Ni dai wannan ba ta wuce min.

Ummu_Haidar:
Innalillahi, ban taɓa jin wannan ba. To malam me ya kai shi ga gina makaranta kuma?

Malam_Bashir:
Rashi ne hajiya. Ɗansu ɗaya tilo, Leland ƙarami, zazzaɓin taifot ya kashe shi a Florence ta Italiya a 1884 yana shekara 15, sunan yaron ne a kan jami'ar ba na uban ba. A gonar dawakinsu ta Palo Alto suka gina ta, aka buɗe 1891, maza da mata kuma ba kuɗin makaranta a lokacin. Uban ya rasu 1893 sai gwamnati ta maka gādon a kotu tana neman dala miliyan 15 na bashin jirgin, aka riƙe dukiyar, matarsa Jane ce ta riƙa biyan malamai daga kuɗin da kotu ta ware mata na cefanen gida har Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 1896.