Ɗana ba ya zama mu gama wasa, ta ina zan ɓullo masa?

Assalamu alaikum iyaye 'yan'uwana. Don Allah shawara nake nema a kan ɗana, shekararsa 5, a Agege muke zaune. Bara likita ya tabbatar mana yana da galahanga, wadda ake kira otizim, aka haɗa mu da malamar koyar da magana. Ta ce kullum in zauna da shi minti 5 zuwa 10 mu yi wasan da zai riƙe hankalinsa, kamar ware marafan gora kala-kala, zura duwatsu a zare, da busa kumfar sabulu.

Kumfar ce kawai ta karɓe shi. In na busa na dakata, sai ya ɗago ya zuba wa bakina ido yana jira, wani lokaci har ya kama hannuna. Ranar da ya fara haka sai da na yi hawaye. Amma marafan, biyu zai jefa a kwano ya miƙe, ya je gaban fanka yana kallon juyawarta. Wata uku ke nan muna wuri ɗaya.

Ɗaki guda gare mu a gidan haya, da an kunna janareton maƙwabta sai ya toshe kunnuwa. Babansa ya ce in ba shi waya tunda tana zaunar da shi, ni dai raina bai kwanta ba, don in yana riƙe da ita ko sunansa na kira ba ya waiwayowa.

Idan ya tashi, in dawo da shi ne ko in ƙyale shi? Kuma yaya zan yi da kumfar nan ta ja shi zuwa sauran wasannin? Malamar sai ƙarshen wata za mu gan ta.