Don Allah ku ba ni shawara: amsar littafi zan koya wa yara ko amsar gaskiya?

Malamar Aji Shida: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Ni asali Hausa da addini na karanta a kwalejin ilimi, amma kun san makarantun kuɗi, duk inda aka samu giɓi nan ake cusa mutum. Malamin da yake shirya yaranmu gasar kacici-kacici ya ajiye aiki bayan hutun sallah, wai a kan albashi, ko da yake wasu sun ce shi da matar mai makarantar ne suka yi cacar baki kan kuɗin rigunan wasanni, ni dai ba a gabana aka yi ba. Ya tafi da littafin da yake rubuta tambayoyinsa. Na kira shi har na gaji, ƙarshe matarsa ce ta ɗauka ta ce ya yi tafiya. Shi ne hedimasta ya kira ni ofis ya ce ni zan karɓa, tunda ni ce mai son karance-karance. Ban iya cewa a'a ba, domin lokacin da mahaifiyata take kwance ya ba ni izini ban zo aiki ba, kuma ko kwabo bai yanke mini ba.

To, gasar ƙarshen watan nan ce. Ya miƙo mini wani ɗan littafi irin na tasha, bangonsa ya yage, ba a ma ganin shekarar da aka buga shi, wani ya bi amsoshin ya ja musu layi da jan biro. Ya ce daga ciki ake fitar da tambayoyi. Na yi fotokwafinsa da kuɗina na raba wa yara huɗun da muka zaɓa, sun fara hadda. Jiya ina tambayarsu duniyoyi nawa ne suke kewaya rana, uku suka ce tara kamar yadda yake a littafi, sai yarinyar da na fi dogara da ita ta ɗaga hannu ta ce, Malama, yayana ya ce takwas ne. Da na koma gida na duba a waya, ashe takwas ɗin ne. Na ƙara bincikawa: littafin ya ce Sudan ce ƙasa mafi girma a Afirka, ƙasar Sin ta fi kowa yawan jama'a, kuma Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara. Yanzu in na gyara musu alƙalai su ce sun faɗi, in na bar su na koya musu abin da na san ba haka ba ne. Yaya zan yi?

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki jefar da littafin nan, magana ta ƙare. Na yi rayuwata ina koyar da labarin ƙasa, kuma daga abin da kika lissafa zan iya gaya miki shekarunsa ko da bango ya yage. A watan Agustan 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Fuluto daga jerin duniyoyi ta mai da shi cikin ƙanana, saboda bai share hanyar da yake bi daga sauran duwatsun da ke yawo a wurin ba. Tun daga nan takwas ne. Ke nan littafinki ya girmi duk yaran da ke ajinki. Sudan kuwa ta riƙe kambun har ranar 9 ga Yulin 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle. Yanzu Aljeriya ce, murabba'in kilomita kusan miliyan 2.38, Kongo ta Kinshasa tana bin ta, Sudan ta koma ta uku. Indiya ta wuce Sin a 2023 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Malamin da ya san gaskiya ya koyar da akasinta don kofin roba, ya ci amanar alli.

Maman Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma fa ku kun yi ritaya, ita kuma ƙarshen wata take jira. 'Yar'uwa, ki koya musu abin da ke cikin littafin kawai. Ni abin ya faru a kan ɗana. An tambaye shi babban birnin Tanzaniya ya ce Dodoma, alƙali ya duba takardarsa ya ce Darussalam, aka ba wa wata makaranta makin. Yaron nan ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Na je na yi magana, aka ce hukuncin alƙali ba ya tashi. Kuma makarantar nan duk zango sai sun karɓi kuɗin gasa, kuɗin rahoto, kuɗin ranar al'adu, bana har da kuɗin fanka, fankar da har yau ban ga tana juyawa ba.

Abu Hanifa: Malama, su waye alƙalan? Malaman makarantun ne ko daga waje za a kawo su? Kuma kin nuna wa hedimastan kurakuran? Amsar tambayarki tana nan.

Malamar Aji Shida: Baba na gode, amma jefar da shi ba zai yiwu ba. Ba duka ne kuskure ba. Jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, komawa Abuja a 1991, tsaunin Kilimanjaro mita 5,895, duk na duba daidai suke. Kuma yaran sun riga sun haddace fiye da rabi, in na ce su zubar yanzu rikicewa za su yi.

Baba Mai Ritaya: Abin da kika lissafa ai ba littafin ne ya ƙirƙiro su ba, ko a bayan kalanda za ki same su. Bari in zo kan wanda ya fi ci mini rai, maganar Mungo Park. Mutumin nan ɗan Sikotland ne, likita. Ya iso bakin kogin a Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a watan Yulin 1796. Me ya tarar? Gari cike da mutane, jiragen kwale-kwale suna fito da jama'a daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wanda ya tsaya jiran masu fito, shi ne za a ce ya gano ruwan? Fiye da shekara ɗari huɗu kafin shi Ibn Battuta ya bi kogin nan ya sauka Tumbuktu da Gawo, sai dai shi ya ɗauka Nilu ne. Daular Mali da ta Songai duk a kansa suka rayu. Abin da Turawa ba su sani ba shi ne ina kogin ya dosa, kuma ina yake ƙarewa. Park ya ga cewa gabas yake gudu, wannan shi ne aikinsa. Ya dawo karo na biyu, ya mutu a Busa a 1806 bai ga ƙarshensa ba. Tsohuwar Busa ɗin ma yau tana ƙarƙashin ruwan Kainji, tun da aka gama madatsar a 1968. Sai a 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har teku. Kogin ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi arewa maso gabas kamar zai shige hamada, sannan ya lanƙwaso ta Nijar ya shigo Najeriya, tsawonsa kusan kilomita 4,200. Ki zana musu wannan a allo, rabin awa ya ishe ki. Yaron da ya ga lanƙwasar nan da idonsa ba zai manta ba.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya Baba ya faɗa. Mu nan kogin ta tsakiyar Yamai ya ratsa, masunta da masu noman shinkafa suna kansa tun kaka da kakanni. Amma Malama ki duba har da tambayoyin maƙwabta a littafin. Mu ma taken ƙasarmu an canza shi a 2023. Na ji ku ma naku an dawo da tsohon.

Anti Ladi: Eh, a watan Mayun 2024 aka dawo da wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Mu da muka haddace na tsakiyar yanzu a taron makaranta sai motsa baki. Malama, ni shawarata ki koya musu biyun. Ki ce musu: in aka tambaya, ku ce takwas, a da tara ne kafin 2006. Aljeriya, a da Sudan ce kafin 2011. Alƙali ko wace takarda yake riƙe da ita zai ji amsarsa a ciki.

Maman Biyu: Anti, daƙiƙa goma ake bayarwa fa. Kuma wasu alƙalan da sun ji kalmar farko ba ta dace da takarda ba sun buga ƙararrawa, ba sa jiran "a da".

Baba Mai Ritaya: Wannan shawarar ta riƙe igiya biyu ban yarda da ita ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ana so a koya masa tsayawa kan abin da ya sani, ba lallaɓa jahilcin babba ba.

Abu Hanifa: Baba, da girmanku, ba kowace tambaya ce take da amsa ɗaya ba. Kogi mafi tsawo a duniya fa? Littattafai suna cewa Nilu, kilomita kusan 6,650, amma akwai masu bincike a Barazil da suka dage cewa Amazon ne, ya danganta da inda aka fara awo da inda aka tsaya. Tsaunin Eberes ma a 2020 Nepal da Sin suka sake sanar da tsayinsa, mita 8,848.86. A irin wannan me yaro zai tsaya a kai?

Baba Mai Ritaya: Nilu. Saɓanin masana daban, tsufan littafi daban. Kada ka haɗa su don ka rikita yarinyar mutane. Babu masanin da yake jayayya cewa Sudan ta rabu.

Malamar Aji Shida: Ni fa ban ce zan koya musu ƙarya ba, don Allah a daina mai da ni kamar wadda ba ta san amana ba. Da ban damu ba ai da ban zauna da dare ina ƙona data ina bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ba ku gane ba, mai makarantar ya sa rai da kofin nan, bara na biyu muka zo, har hoton yana manne a bakin ƙofa. Kuma wancan malamin da littafin nan ya kai su na biyun.

Abu Hanifa: Kin tabbata da shi ya kai su? Ba kin ce yana da nasa littafin da ya tafi da shi ba? Kuma har yanzu ba ki ce mana kin yi wa hedimasta magana ko ba ki yi ba.

Malamar Aji Shida: Hedimastanmu ba mutum ne da ake kai wa gyara ba. Shi ya ba ni littafin da hannunsa.

Ummu Sadiƙ: Wallahi irin wannan ne ya sa na bar koyarwa na koma saida atamfa. Ka yi aikin mutum uku, albashin rabin mutum, ranar da aka ci kofi mai makaranta ne a hoto, ranar da aka faɗi kai ne a ofis. Ni har takardar gargaɗi aka taɓa ba ni don na ce wa yara tekuna biyar ne ba huɗu ba. 'Yar'uwa, ki yi abin da zai tsare miki tuwonki, ilimin gaskiya su same shi a sakandare.

Anti Ladi: A sakandaren ma wa zai ba su? Malama, wani abu kuma, kada ki tsaya kan littafin kaɗai ko da alƙalan da shi suke aiki, don wani lokaci sukan jefo tambayar da ba ta ciki. Ki zaro kuɗi daga jakarki ki shimfiɗa a tebur. Naira ashirin: gaba Murtala, baya wata mata a zaune tana ginin tukunya. Ki tambaye su wace ce. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane daga garin Kwali, ta yi aiki a cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, an nuna aikinta har Landan, ta rasu a 1984. Naira biyar Tafawa Ɓalewa, ɗari biyu Sardauna, dubu ɗaya Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Yara suna riƙe kuɗin nan kullum zuwa shago ba su taɓa kallon fuskokin ba.

Baba Mai Ritaya: Wannan kam koyarwa ce. Amma ba ta canza maganata. Ki rubuta kurakuran a takarda ɗaya, kowanne da shekararsa, ki kai wa masu shirya gasar kafin ranar. In suna da mutunci za su gode miki.

Maman Biyu: In kuma ba su da shi, su sa wa makarantar ido, yaran su biya.

Malamar Aji Shida: Ni ban ma san masu shiryawar ba, ta hannun hedimasta takardar gayyata ta zo. Zan dai yi tunani. Yarinyar nan kuma na ce mata ta rubuta tara a takardarta tukuna, ta rubuta, amma ta sa takwas ƙarami a gefe da fensir. Yanzu ga wata na ci karo da ita a shafi na goma sha biyu: ƙasashe nawa ne a Afirka? Littafin ya ce 53.

Baba Mai Ritaya: 54. Ki ƙara Sudan ta Kudu.

Abu Hanifa: A Majalisar Ɗinkin Duniya 54 ne, amma Tarayyar Afirka tana da mambobi 55, tana lissafawa da Yammacin Sahara. Ya danganta da wanda alƙalin ya bi.

Malamar Aji Shida: To ni yanzu wanne zan rubuta musu a allo?