Masu 'ya'ya biyar zuwa sama, nawa ke riƙe muku gida a wata?

Abban Husna: Assalamu alaikum. 'Ya'yana uku, na huɗu na hanya. Albashina ya ɗan haura dubu 100, gidan haya nake a Kano, kuma tun wajen 20 ga wata nake fara karɓar kaya bashi a wurin mai shago. Ku da kuke da biyar, shida, bakwai, don Allah nawa ke shigo muku kafin ku ce asiri ya rufu? Lissafi nake so, ba wa'azi ba.

Malamin Firamare: Wa'alaikumussalam. Shida gare ni, kuma albashina bai kai naka ba. Mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne tun 2019, a Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu ya koma dubu 70, Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai. A takarda an ninka har da ɗori, amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin ba su da auki. Abin da ya rufa min asiri abu biyu ne: gidan gado nake zaune, kuma ina noma a ƙauyenmu. Masara da dawar da nake ajiyewa da kaka su ke kai mu har damina ta kusa. Don haka kafin ka tambayi mutum albashinsa, tambaye shi haya yake ko gidansa, awo yake ko daga rumbu yake ɗiba. Mutum biyu masu albashi ɗaya, wani yana barci, wani idonsa biyu.

Maman Biyar: Malam, ku maza buhu kawai kuke gani. Cefane ne ke cinye kuɗin, ba ya kuma jin kira. Manja, man gyaɗa, magi, kayan miya, gawayi, omo, sabulu, ruwan 'yan garuwa. Ga kuɗin tara: yara biyar, kowa naira 200, dubu ɗaya ke nan kullum, a wata wajen dubu 20, kuma ba wanda ya taɓa sa shi a lissafi. Sai kuɗin Islamiyya, sai na Laraba a makarantar allo, sai takalmin da ba ya wata uku a ƙafar namiji. Maigidana yana ba da abin da ya samu, Allah ya saka masa, amma da ban soya awara da yamma ba, da sau da yawa tuwon zai zauna ba miya. Ribar nake zuba adashi da ita, ranar da na kwasa nake biyan kuɗin zangon karatu. In za a faɗi gaskiya, gidan da ke da yara biyar hannu biyu ke riƙe da shi, ko da na biyun ba a ambatonsa a majalisa.

Mai Adaidaita: Ni ban san lissafin wata ba, na rana na sani. Mata biyu, yara bakwai. In na cire balas ɗin mai mashin da kuɗin mai, abin da ya rage shi ne na gida. Ranar da mashin ya kwana a wurin bakanike, ranar garau-garau ma sai an yi dabara. Abin da ya fi kayar da ni zazzaɓin damina ne, yaro ɗaya ya kwanta, kafin ya tashi uku sun bi shi.

Anti Ma'aikaciya: Mai Adaidaita ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya miji da mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 take ɗauka. Na biyar ɗina sai da muka biya masa daban. Kuma Abban Husna, yanzu kana cikin sauƙi ne, yaranka ƙanana. Bari biyu su haɗu a ajin ƙarshe, kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB su zo maka a shekara ɗaya. A ganina, mai haya a birni da yara biyar, yana awo, yana son su yi makarantar kuɗi ko da mai arha ce, in abin da ke shigowa gidan bai ninka naka uku ba, bashi zai yi ta juyawa.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan Nijar mafi ƙarancin albashi jika 42 ne na sefa tun 2024, amma nawa ne cikinmu ke da albashin? Tiyar hatsi muke ƙirgawa. Ɗiya takwas gare ni, in rumbu ya yi ƙasa sai in tafi cin rani in riƙa aikowa.

Hajiya Babba: Yara, ni tara na haifa, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Amma ban yarda a fake da wannan a ƙi lissafi ba. Duk cikinku ba wanda ya ambaci kayan ɗaki. 'Yan mata huɗu na aurar, kowace gado, katifa, kujeru, kwanuka, ga gara. Tun suna firamare nake sayen akuya da sunan kowace. Kai Abban Husna, in an sauka lafiya ka bar yarinyar nan ta huta, ta yi shekara biyunta na shayarwa cikakku kafin a yi maganar na biyar.

Abban Husna: Na gode Hajiya, in sha Allah. Malam, ni ba ni da gona. In na haɗa kuɗi da kaka na sayi buhunan masara a kasuwar Dawanau, wane magani kuke sa wa don kada ƙwari su cinye kafin damina?

Malamin Firamare: Ba sai ka sa magani ba. Nemi buhun nan mai leda biyu a ciki, ka tabbata masarar ta bushe ƙayau, ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, sannan ka ɗora a kan katako, kada ya taɓa siminti.