Hanjin da ake kira "mai azumi": a ina kuka fara cin karo da shi?

Ɗalibar likitanci: Salamu alaikum. Yau a ɗakin fiɗa malaminmu ya ɗago wani sashe na ƙaramin hanji, ya ce sunansa jejunam, daga kalmar Latin jejunus, wato mai azumi ko wanda cikinsa ba komai. Wai mutanen da in sun buɗe gawa, nan suke tararwa fayau. Na sa yatsa na matsa, wallahi kuwa a lanƙwashe yake, babu komai ciki. Wa ya taɓa cin karo da sunan nan, a wurin aiki ko a jinya?

Tsohuwar nas: Wa alaikumus salam 'yata. Ni a ɗakin masu tiyata na san shi. Akwai wani dattijo da maƙogwaronsa ya toshe, abinci ba ya wucewa, aka huda gefen cikinsa aka sa siririn bututu kai tsaye cikin jejunam, ta nan muke ɗura masa abinci mai ruwa-ruwa da sirinji, sannu a hankali. Ranar da likita ya gaya masa ma'anar sunan, dariya ya yi har ɗinkin ya fara masa zafi, ya ce ashe mai azumi ne ke ciyar da shi. Kuma gaskiyarsa, don yawancin abin gina jiki a nan jini yake tsotse shi.

Malamin Larabci: Hajiya, sunan ya girmi Latin ɗin ma. Girkawa sun kira shi nestis, ma'anar ɗaya ce, likitocin Larabawa suka ce as-sa'im. A Alƙanun na Ibn Sina na fara ganinsa, littafin da ya kammala a 1025. Sashen da ke kafinsa, wanda ke manne da tumbi, shi ne isna ashari, wato sha biyu, domin tsawonsa faɗin yatsu 12 ne. Herofilus na Iskandariyya ya yi wannan awon kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Da Jirad na Kiremona ya mayar da littattafan Larabci zuwa Latin a Toledo, a ƙarni na 12, sai isna ashari ya koma diyodinam.

Mai gyambon ciki: Allah ya ƙara basira, Malam. Diyodinam ɗin nan shi aka rubuta min bayan an zura kyamara ta bakina. Na karanta takardar gabana na faɗuwa, na ɗauka wata muguwar cuta ce. Ashe wurin da gyambon yake ne kawai. Likitan ya jera yatsunsa a kan tebur ya nuna min, kamar santimita 25.

Mahauci: Mu ba mu san sunan boko ba, amma in muka zare hanjin akuya, ƙaramin nan ɗan ruwa ne rawaya-rawaya a ciki, sai ka isa babban hanji ka tarar da kashi.

Ɗalibar likitanci: Baba, rawayan nan ruwan matsarmama ne, a diyodinam yake zubowa. Malam, shi kuma makahon hanjin da ke farkon babban hanji, ya Larabawa ke ce masa?

Malamin Larabci: Al-a'awar, mai ido ɗaya. Gefensa ɗaya a toshe yake kamar jaka.