Neman shawara: hoton faɗuwar rana a bakin kogin Yamai

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan Disamba zan taso daga Tawa zuwa Yamai bikin ƙanwata, kuma na ci burin ɗaukar faɗuwar rana a bakin kogin Isa. Waya kawai gare ni. Damuwata ita ce duk sanda na ɗauka a tafkin Tabalak, abin da idona ya gani daban, abin da wayar ta fito da shi daban: rana ta zama farin tabo, jan nan ya gudu. Ina zan tsaya, ƙarfe nawa, kuma yaya zan yi da wayar?

Mai hoton biki, Yantala:
Wa alaikumussalam ƙanena. Wayarka lafiyarta lau. Tana auna duhun ƙasa ne, sai ta buɗe haske, sama ta ƙone. Ka taɓa allon a kan sama, gefen rana kaɗan, wata 'yar alamar rana za ta fito, ka ja ta ƙasa har jan ya dawo. Ƙasa za ta yi baƙi, ka bar ta, nan kyan yake. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, dushewa yake. Kuma ka goge idon kyamara da bakin riga, ƙurar kar, wato motar bas, daga Ƙonni zuwa Doso kaɗai ta isa ta ɓata maka aiki.
Rana ita kaɗai ba ta cika hoto. Jira masunci ya ratso da kwalekwale, tsaye da gorarsa, ya shiga layin hasken da ke kwance bisa ruwa, sannan ka danna. Ni nan nake ɓata yawancin lokacina, kuma ban taɓa nadama ba.

Hajiya, Harobanda:
Ɗana, kada ka ƙetaro wajenmu, rana za ta koma bayanka. Tsaya ɓangaren gari ka fuskanto mu. Ka yi sa'ar lokaci ma, Disamba zuwa Janairu ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso, kogi cike yake.

Direban kar:
A Disamba wajen 6:30 rana take faɗuwa, amma in hazon hunturu ya yi kauri tun ba ta kai ƙasa ba take ɓacewa. 5:45 ta same ka a wurin. Abu ɗaya zan roƙe ka don Allah: kada ka saita waya kan gadar Kennedy, ko sojoji, ko wajen fadar shugaban ƙasa. Ana iya karɓe wayar, a tsare ka da tambayoyi.

Ɗan Tawa:
Na gode ƙwarai. To an ce bayan ta faɗi sama ta fi yin ja, ga shi lokacin magariba ne.

Mai hoton biki, Yantala:
Gaskiya ne, amma jan damina ya fi, saboda gajimare. Da hunturu abin da za ka samu kafin kiran salla ya wadatar. Ka zo da alwalarka.

Hajiya, Harobanda:
Mata na wanki da wanka a bakin ruwan da yamma, ka kau da wayarka daga kansu. Masuncin ma ka yi masa sallama ka tambaye shi, Zabarmanci suka fi ji, amma da Hausa ma za ku fahimci juna. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa albarka a auren.