Za mu bar Drupal 7: tsofaffin rubuce-rubuce a ajiye ko a goge?

Mai kula da shafin wata ƙungiya, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Tun 5 ga Janairun 2025 aka daina yi wa Drupal 7, manhajar da aka gina shafinmu na intanet da ita, gyaran tsaro, amma sai yanzu shugabanninmu suka yarda mu koma wata manhajar, WordPress. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne tarin kayan da ke ciki: sanarwar tarurruka, rahotannin shekara, ta'aziyya, hotuna. Wanda zai yi mana aikin ya ce kuɗinsa ya danganta da yawan shafukan da zai kwashe, don haka gara a goge duk abin da ya haura shekara biyar. Waɗanda suka taɓa irin wannan ƙaura, ya kuka yi?

Editan wata jaridar intanet, Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ku bari shekaru su zama ma'auni. Mu mun bar manhajar Joomla 3 a 2023, lokacin da aka daina kula da ita, kuma mai gidanmu ya ce a zubar da tsofaffin labarai don shafin ya yi sauƙi. Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa. Wani ɗalibi ya kafa hujja da hirarmu a kundin digirinsa, malaminsa ya latsa adireshin ya ga 404, wato saƙon cewa babu shafin. Wata baiwar Allah tana neman labarin rasuwar mahaifinta da muka buga, domin nan ne kaɗai aka sa hotonsa da tarihinsa. Adireshin shafi ba ya mutuwa don kun goge shi. Yana nan yana yawo a WhatsApp da Facebook. Ku buɗe Search Console, kayan aikin Google na masu shafuka, ku duba abin da mutane ke shigowa nema. Za ku sha mamaki, sau da yawa tsohon rubutu ne ke jawo muku masu karatu.

Mai gina shafuka, Zariya:
Edita ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya fi ba ni wahala ma lanƙwasassun haruffa ne. Na taɓa kwashe wani shafin Hausa da tsohon rumbun bayanansa ke kan latin1, wani tsohon tsarin ajiye haruffa, da na zuba a sabon, duk ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. "Ƙasa" da "ɗalibi" sai ka rantse rubutun aljanu ne. Ku fara gwadawa da rubutu goma kafin ku kwashe duka, ku tabbatar komai na kan UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffanmu.

Sannan ba sai kun biya an shigar da kowane shafi cikin WordPress ba. A sauke tsohon gidan gaba ɗaya da HTTrack, manhajar kwafar shafin intanet, ya zama tsayayyun shafuka, a ajiye shi a wani reshe na adireshinku. Wanda aka kwashe a yi masa turawa ta 301, wadda ke kai mai karatu sabon adireshi, wanda aka goge da gangan a sa masa 410, alamar an cire shi har abada.

Jami'ar yaɗa labarai a wata makaranta, Sakkwato:
Ni fa ban yarda a ajiye komai ba. Tsohuwar sanarwar ɗaukar ma'aikata da muka bari, 'yan damfara suka riƙa tura ta suna karɓar kuɗin fom a hannun mutane. Akwai kuma jerin sunayen ɗalibai har da lambobin wayarsu, ga dokar kare bayanai ta 2023 tana aiki. Irin waɗannan na goge su, ban ko waiwaya ba.

Editan jarida, Kano:
Hajiya, wannan kam ba gardama. Gogewa da dalili daban, shara da tsintsiya ɗaya daban.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Kada dai ku dogara da Wayback Machine, rumbun nan mai adana kwafin tsofaffin shafukan intanet. Na nemi tsohon shafinmu a can, na samu rubutun amma yawancin hotuna da fayilolin PDF babu su. Dandalin sada zumunta na MySpace ma da girmanta, a 2019 ta sanar cewa waƙoƙin da aka ɗora cikin kusan shekara 12 sun salwanta wajen sauya uwar garke. Ku sauke rumbun bayanan da babban fayil ɗin hotuna, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a hannun wani daban.

Mai tambaya, Kaduna:
Allah ya saka da alheri. Sanarwa da jerin sunaye za su tafi, rahotanni da ta'aziyya za su zauna. Malam na Zariya, adireshinmu duk irin /node/ da lamba ne. Turawar 301 ɗin ɗaya bayan ɗaya ake yi, ko akwai hanyar yin su a dunƙule?