Katin zaɓena ya ɓata, fasfo zai tsaya min a rumfa?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. A Agege muke, nan Legas, ciki da falo. Da daminar nan ruwa ya shigo mana tsakar dare, maigida yana Mile 12 wajen sauke kaya, ni kaɗai da yara, ga autana da zazzaɓi, ga mai gidan haya ya ƙi gyara kwatar tun bara alhali mun biya kuɗin. Da gari ya waye na shanya takardu, katin zaɓe ko sama ko ƙasa. Fasfona ya tsira don yana cikin jakar da na je Umara da ita. Ƙanin maigida da ke Ingila ya ce su da fasfo suke zaɓe. In na je da shi za a bar ni in kaɗa ƙuri'a? Ban taɓa fashin zaɓe ba, abin yana damuna.

Alhaji Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ajiye zancen Ingila. Can a 2023 aka fara neman shaida mai hoto a rumfa, kuma suna karɓar fasfo, har wanda wa'adinsa ya ƙare in dai hoton ya yi kama da mai shi. Mu nan Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, katin zaɓe ta ce a miƙa, sannan na'urar BVAS ta duba yatsa ko fuska. A zaɓen 2023 hukumar zaɓe INEC ta faɗa ƙarara, ba kati ba zaɓe. Fasfo shaida ce ke 'yar Najeriya ce, amma bai san rumfarki ba.

Maman Khalil: To amma Alhaji sai da NIN aka yi min fasfon nan, aka ɗauki yatsuna da hotona. Wace shaida ce ta fi wannan? Ba gwamnati ɗaya ba ce?

Ɗan Idi-Araba: Anti ki je kawai ki yi sabuwar rajista, ya fi sauƙi.

Alhaji Mai Albasa: Kul! Kada ki soma. Rajista sau biyu laifi ne. A 2022 sama da miliyan 2 da dubu 700 aka soke, ciki har da na masu irin wannan dabarar. Ofishin INEC na ƙaramar hukumarki za ki je ki cike takardar neman madadin kati, kuma da wuri, don ana rufewa tun kafin zaɓe ya matso.

Ummu Safiyya: Ke kina ma da fasfo. Nawa ya ƙare, tun Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma naira dubu 100. Mai sayar da fura a Obalende ina za ta samo wannan? In aka ce da fasfo za a yi zaɓe ai talaka ya fita.

Baban Walid: Ni da katina a hannu na fita a 2023, wasu samari suka tsaya a bakin layinmu suna tambayar wa za ka zaɓa. Gida na koma. Kati ba shi ne matsalarmu a Legas ba.

Malama Hadiza: Yaya, ni na ji a ƙarshen 2024 shugaban INEC na lokacin ya kawo shawarar a riƙa karɓar takardar da aka buga daga kwamfuta ga wanda ba shi da kati, tunda BVAS ce ke tantancewa. Ki tambaya a ofis inda maganar ta kwana.

Alhaji Mai Albasa: Ko a nan ɗin ma ba fasfo ya ce ba. Hajiya, wai a ina kika yi rajistar?

Maman Khalil: A Funtuwa, kafin aure.

Alhaji Mai Albasa: To ai da nan ya kamata ki fara! Ko katin na hannunki ba za ki yi zaɓe a Agege ba sai kin nemi a dawo da rajistarki nan.

Maman Khalil: Ni ban ce zan dawo da ita ba. Gwamnan Katsina nake zaɓa, can iyayena suke, kuma duk zaɓe gida nake tafiya. Ruwan nan ma ba sakacina ba ne. Yanzu dai madadin katin, a Agege zan nema ko sai na je Funtuwa?

Ɗan Idi-Araba: Ta intanet ake yi yanzu, Anti.

Baban Walid: Karɓar katin fa? Ita ma ta intanet?